Yadda Gari Ke Wayewa a Illela

Duk ɗalibin da ya buɗe taswirar Najeriya ya ɗora yatsansa a kan Legas, ya biyo babbar hanyar da ta hauro arewa ta Ibadan da Ilorin da Jebba da Kwantagora da Yawuri da Jega har Sakkwato, in bai ɗauke yatsan ba zai ga hanyar ta ƙara gaba kaɗan, sannan ta tsaya a kan wani ɗan ɗigo. Wannan ɗigo shi ne Illela. Daga shi sai Jamhuriyar Nijar. Hanyar ta faro ne daga bakin teku inda jiragen ruwa ke sauke kaya, ta zo ta ƙare a garin da da yawa daga yaransa ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na Tafkin Kalmalo yawa ba.

Amma kada ku yi saurin cewa Illela ba ta bakin gaɓa. Sunan da masana ke kiran wannan yanki da shi, wato Sahel, daga Larabci ya fito, kuma ma'anar sahil ita ce gaɓar teku. Fataken da suka riƙa ƙetaro Sahara a kan raƙuma sun ɗauke ta tamkar teku na rairayi, don haka inda aka fara ganin ciyawa da rijiyoyi da garuruwa shi ne gaɓa. Tumbutu da Agadas da Katsina da Kano su ne manyan tashoshin wannan teku a zamanin da. Daga tushen kalmar ne ma aka sami sunan harshen Suwahili, wato harshen mutanen gaɓa a gabashin Afirka. Illela ƙaramar tasha ce in an gwada ta da waɗancan, ba ta kuma kai su tsufa ba, amma aikinta irin nasu ne: kaya su sauka, kaya su tashi, baƙo ya kwana ya wuce. Garin tasha kuwa, na ruwa ne ko na tudu, da asuba ake sanin halinsa.

Shi ya sa muka shirya tafiyarmu ta yadda za mu kwana a can ranar Asabar, gari ya waye mana ranar Lahadi, wadda ita ce ranar kasuwa. Watan Janairu ne, hunturu ya kankama. Daga Sakkwato zuwa Illela kilomita 80 ne da 'yan kai. Da an ƙetare gulbin Rima sai Kware, sai Gwadabawa, garin da Muhammadu Maiturare ya kafa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Ba nisa da nan Degel take, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin hijirarsa zuwa Gudu a 1804. Ba mu tsaya ba, domin direba ya ce ba ya son magariba ta riske shi a hanya, kuma a shekarun nan babu fasinjan da ke yi wa direba gardama a kan irin wannan magana.

Abin da ido ke gani a hanya a wannan lokaci na shekara ba shi da yawa. An girbe gero da dawa, sai kututturan kara a gonaki, sai rumbunan laka a gefen ƙauyuka, sai aduwa da bagaruwa da magarya duk ƙura ta lulluɓe su. Itacen da ya yi kore sharaf shi ne gawo, mai kaɗe ganyensa da damina lokacin da sauran itatuwa ke tofo, ya kuma yi nasa tofon da rani lokacin da suka bushe. Manoma ba su son sare shi, domin ganyen da ya zubar taki ne, kuma ba ya yi wa gero inuwa. Da muka kusa gari sai muka fara wuce jerin tireloli a gefen titi, wasu da lambar Najeriya wasu da ta Nijar, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu. Mai masaukinmu ya ba mu tuwo da miyar kuka, ya ce in dai gari muka zo gani to mu kwanta da wuri.

Kiran assalatu ya tashe mu wajen shida saura. Sanyin nan busasshe ne, mai tsaga leɓe da diddige, ruwan alwala kuwa kamar daga firij aka ɗebo shi. Wanda ya san Illela a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 har kwalta ta riƙa walƙiya, ba zai yarda gari ɗaya ba ne. A masallaci sahu ya cika da mutane cikin barguna da rawuna, wasu hancinsu kawai ake gani. Da aka idar muka kunna tocila muka nufi kara, wato kasuwar dabbobi.

Kafin a ga Illela sai an fara jin ta. Cikin duhun nan jaki ya yi kuka, wani ya amsa masa daga nesa. Zakaru sun riga sun gaji da cara. Daga bayan wata katanga ana jin taɓarya biyu suna karɓa wa juna a turmi ɗaya. Wata tirela tana ɗumama inji, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafarmu. Almajirai sun kewaye wutar kara suna karatu, muryoyinsu na hawa da sauka. A teburin mai shayi an kunna rediyo, shirin safe na sashen Hausa na BBC ya fara, mai gabatarwa ya faɗi lokaci a agogon Najeriya da Nijar. Mun sha jin wannan magana a gida ba mu kula ba. A nan ne ta yi mana nauyi, domin mutanen da ke zaune a bencin, rabi daga wannan ƙasa suke rabi daga waccan, kuma babu wanda ya taɓa agogonsa don ya ƙetaro iyaka.

Illela shimfiɗaɗɗen gari ne, ba shi da dutse irin Dala da mutum zai hau ya hango unguwanni. Wuri mafi tudu da muka samu shi ne tudun lodi a gefen kara, tarin ƙasar da tirela ke jingina bayanta da shi don a kora shanu su shiga. Nan muka hau muka fuskanci gabas.

Bahaushe ya raba safiya gida-gida, ya ba kowane yanki suna, kuma abin takaici ne yadda agogon waya ke neman sa mu mance da su. Akwai asuba, akwai jijjifi lokacin da duhu ya fara sakin jiki amma ba ka iya shaida fuskar mai zuwa, akwai sassafe, sai hudowar rana, sai hantsi, sai walaha. A kan tudun nan muka ga kowannensu ya zo ya wuce da ƙafarsa. Da farko taurari suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya daga gabas. Sai gindin sama ya yi toka-toka. Sai abubuwan da muka ɗauka tarin ƙasa ne suka fara motsi, ashe shanu ne a kwance, ɗaruruwa, tururi na fita daga hancinsu. Can gefe raƙuma a gurfane suna tuƙa, wuyansu a miƙe kamar masu jiran a kira sunansu. Hayaƙin murhun masu ƙosai da masu koko bai tashi sama ba, ya kwanta a kan rufin kwano kamar an shimfiɗa farin mayafi. Hasumiyar masallaci ta fito, sai dogon ƙarfen sadarwa da jar fitilarsa, sai tankin ruwa. Daga arewa, ta wajen Ƙonni, fitilun babura ne ke tahowa a jere.

Ita ranar ba ta fito daga ƙasa ba kamar yadda ake zana ta a littafin firamare. Bakwai ta gota babu labarinta, sai haske kawai. Sai da ta ɗan hau, kamar tsawon gaba ɗaya a ido, sannan ta ɓullo daga cikin hazo, ja, zagayayya kamar sabon faifai, ba ta da zafi ba ta da kaifi. A hankali jan ya koma ruwan goro, ya koma ruwan ƙwai. Ƙahonin shanu suka kama haske. Inuwa ta bayyana, doguwa, kowane yaro da tasa ta ninka shi sau biyar. (Mu faɗa muku a nan: ko hazo ya dushe ta, kada ku ƙura wa rana ido. Tana iya lahanta gani ba tare da mutum ya ji zafi ba.)

Wannan ja yana da dalili. Hasken rana gauraye yake da launuka da yawa. Da safe, lokacin da take ƙasa-ƙasa, haskenta kan ratsa iska mai kauri kafin ya iso ido, sai shuɗin ya watse a hanya, jan ya iso. Ƙurar hunturu kuma tana ƙara tare shi. Ita kanta ƙurar baƙuwa ce. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta daga Sahara, da yawanta daga wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Chadi, wanda a da can ƙasan wani ƙaton tafki ne. Ƙurar wannan kwari kan ƙetare Tekun Atlantika har dajin Amazon a Kudancin Amurka. Wadda ta kwanta mana a gira da safiyar nan ta yi tafiyar da ta fi kilomita 1,000, babu kuma jami'in da ya tambaye ta takarda.

Ga wani lissafi da za ku iya yi a aji. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, wato digiri 1 cikin minti 4. Maiduguri tana gabas da Illela da kusan digiri 8, don haka ɗaliban can sun riga mu ganin wannan rana da wajen rabin awa, alhali agogonmu ɗaya. Legas kuwa tana yamma da Illela, sai mutum ya zaci za ta makara. Amma a watan Janairu rana ta karkata kudu, dare ya fi tsawo a arewa, don haka kusan lokaci guda take fitowa a garuruwan biyu, wajen ƙarfe 7. A daidai lokacin da muke tsaye a kan tudun lodi, masunta a Badagiri su ma suna kallonta a kan ruwa. Da damina abin kan juye, ta fito a Illela shida da 'yan mintoci, daga gabas maso arewa. Kuma duk hasken da ya taɓa fuskarmu ya baro rana da minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi, bayan tafiyar kilomita miliyan 150.

Ba wannan lissafi muke yi ba a lokacin. Shiru muka yi. Mu da muka kwana muna surutu a mota, babu wanda ya ce uffan, har mai ɗaukar mana hoto ya sauke kyamara. Kusa da mu wani dattijo ne zaune a kan buhu, ya rungume sandarsa, carbi a hannu. Da rana ta gama fitowa sai ya shafa fuska ya ce, a hankali kamar mai magana da kansa, "Alhamdu lillahi, mun ga ta yau."

Muka matsa muka durƙusa. "Baba, ina kwana?"

"Lahiya lau, ɗiyana. Ina sanyi?"

"Lokacinsa ne, Baba."

"Daga ina kunka hito?"

Muka faɗa masa. Ya ce shi mutumin Ƙonni ne, tumaki biyu ya kawo, kuma in ya sayar zai biya ya ga 'yarsa da ke aure a nan Illela. Muka tambaye shi ko ya sha wahala a hanya. Ya yi murmushi. "Yau? Ta titi niz zo, da rana tsaka in na so in koma. Lokacin da anka ruhe boda, sunan jikana ta daji munka biyo, cikin dare, kamar ɓarayi." Ya ɗan yi shiru, ya ƙara da cewa, "Ku yara ba ku san daɗin ƙofa buɗe ba."

Don ku fahimci maganar dattijon nan sai mun koma baya. Tsakanin Illela da Birnin Ƙonni 'yan kilomitoci ne, ɗan kabu-kabu kan kai mutum kafin shayinsa ya huce. Ƙonni tsohon gari ne. A yankinta kakannin Shehu Usmanu suka zauna, shi kansa an haife shi a 1754 a Maratta, kusa da Galmi, wadda yau take cikin Nijar. A watan Mayu na 1899 wata rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Chanoine, wadda ta riga ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, ta auka wa Birnin Ƙonni ta ƙone shi ta kashe mutane masu yawan gaske. Har yau ba a mance ba.

Layin da ya raba garuruwan biyu kuwa a Turai aka zana shi. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa suka ɗora tsinin kamfas a kan Sakkwato, irin yadda kuke yi a darasin lissafi, suka ja da'ira mai nisan mil 100 daga tsakiya, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Ƙonni ta faɗo ciki. Sai Faransawa suka koka cewa an bar su da hamada, ba su da hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Aka sake zama a 1904 da 1906, aka turo layin kudu, sannan tsakanin 1906 da 1908 jami'an ƙasashen biyu suka bi daji suna kafa turaku. Da an bar zanen farko, da yaran Ƙonni tare da ku za su zauna jarrabawar WAEC. Yau iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma a mafi yawan tsawonta ba katanga ba kogi, gonar gero ce a hagu gonar gero a dama.

Shekaru da yawa mutanen nan sun zauna da layin kamar yadda ake zama da maƙwabci mai wuyar hali: a gaisa, a kauce. Sai a watan Agusta na 2019 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu don hana fasa-ƙwauri, musamman na shinkafa. A watan Nuwamba aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, Illela kuwa tana ciki tsundum. Sai ranar 16 ga Disamba, 2020 aka buɗe iyakoki huɗu na farko: Seme da Mfum da Maigatari da Illela. Ba a gama farfaɗowa ba, ranar 26 ga Yuli, 2023 sojoji suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake rufe ƙofa, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, har aka yi ta maganar yaƙi. Ku yi tunanin yadda wannan kalma ta sauka a kunnen wanda 'yarsa ke wannan gefe, ɗansa ke wancan. Sai a watan Maris na 2024 aka sake buɗewa.

A labarai, rufe iyaka jimla ɗaya ce. A Illela kuwa albasa ce ke ruɓewa a cikin tirela. Ɗan dako ne ke zama a kan baronsa daga safe har la'asar bai ɗauki ko buhu ɗaya ba. Mai abincin da ke dafa tiya goma ta koma biyu. Ɗalibi ne ake ce masa ya haƙura da kuɗin littafi sai an buɗe. Ba muna cewa hukuma ba ta da hujjarta ba. Ta wannan iyaka makamai kan shigo, miyagun ƙwayoyi kan shigo, kuma mutanen gabashin Sakkwato sun fi kowa sanin abin da bindiga a hannun ɗan ta'adda ke yi wa ƙauye. Dole a tsare ƙofa. Amma a ganinmu tsare ƙofa daban, toshe ta daban, kuma idan aka toshe, mai tumaki biyu ne ke fara jin jiki, ba mai tirela goma ba.

To wannan ita ce godiyar da muka gani a kan tudun lodi, kuma ta kama mu mu ma. Babu wani abin mamaki da ya faru da safiyar nan. An kwana ba a ji harbi ba. An yi salla cikin jam'i. An ɗaga shingen iyaka, babura sun wuce. Wata yarinya ɗauke da tiren ƙosai ta ratsa tsakanin shanu tana rawar sanyi, ta sayar da na farko tun kafin rana ta yi zafi. Yawancinku haka kuke tashi kullum, a zuba muku koko, ku rataya jaka, ku tarar da ƙofar makaranta a buɗe, ba ku taɓa ɗaukar hakan wani abu ba. Mu ma haka. Sai da muka tsaya a garin da aka ƙwace wa irin wannan safiya sau biyu cikin shekara biyar sannan muka ga girmanta.

Da hantsi ya dubi ludayi, shirun ya tafi kamar ba a yi shi ba. Kara ta cika maƙil. Ga gudali farare marasa dogon ƙaho, ga jajayen shanun Bororo masu ƙaho kamar an buɗe hannu, ga na Azawak daga can ƙasar Buzaye. Ga tumaki uda, rabin jiki baƙi ko ja rabi fari kamar an tsoma su a rini, ga balami manya, ga jar akuyar Sakkwato wadda fatarta ta yi suna har Turai tun zamanin da ake bi da ita ta Maroko. Dillali ya kama hannun mai saye, ya kama na mai sayarwa, wannan ya ce albarka, wancan ya juya kamar zai tafi, a jawo shi, a ƙara, har a ji "na sallama". Buzaye cikin baƙin rawani sun ɗora ƙaramar buta a kan gawayi, ba su gaggawar komai. A cikin babbar kasuwa kuwa ga gero da wake da dabino da kanwa da gishiri, ga albasa buhu a kan buhu. Ta Galmi, mai launin shuni-shuni, ta yi suna a duk Afirka ta Yamma.

Wanda ke son nazarin harshe ya zo nan da littafinsa. Hausa ɗaya ce, amma kowane gefe ya ari kalmomi daga Baturen da ya mulke shi. Yaron Illela yana zuwa makaranta da biro, na Ƙonni yana zuwa lakwal da bik da kaye, malaminsa kuma mushe ne. Namu kwastan, nasu duwan. Mu mu ce asibiti, su su ce likita. Wajen kuɗi ne baƙo ke ruɗewa. 'Yan canji suna zaune da damin naira da na sefa, amma mutumin Nijar ba ya ƙirga sefa ɗaya-ɗaya, da dala yake ƙirgawa, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. In ya ce dala 20, sefa 100 yake nufi. In ya ce jika, 1,000 ke nan. Mun ga yaron da bai wuce shekara 12 ba yana juya farashi daga jika zuwa naira a ka, kafin mu gama buɗe kalkuletar waya.

Ruwa ma bai san layi ba. Kwarin Magiya daga Nijar yake gangarowa, ya bi ta yankin Ƙonni, ya zube a Tafkin Kalmalo. Abin da aka tare a madatsun can, manomin rani na nan ne ke jin sa a gonarsa. Shi ya sa a 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri a kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kai, har da na Magiya. A Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso, amma ranar Laraba kasuwar Ƙonni ke ci, kuma da yawa daga fuskokin da muka gani a nan can za a gan su.

Wajen azahar aka fara lodi. Tudun da muka tsaya a kai da asuba ya koma hannun masu shi, ana kora shanu suna turjewa, ana ihu, ƙura ta turnuƙe. Yawancin motocin kudu suka nufa. A 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin sabuwar babbar hanya mai tsawon fiye da kilomita 1,000 da za ta taso daga nan Illela ta ƙare a Badagiri, amma kafin a gama ta, tsohuwar hanyar nan ta taswira ita ce dai. Wani yaron mota, saurayi da bai fi 'yan aji shida na sakandare ba, yana ɗaure igiya a saman wata tirela. Muka ɗaga murya muka tambaye shi, "Abokina, sai ina?"

"Ikko, in Allah ya so."

"Ka taɓa zuwa?"

Ya yi dariya, ya ce ya daina ƙirgawa. Muka ce to yaya teku yake? Ya tsaya da igiyar a hannu, ya ce shi fa bai taɓa ganinsa ba. A Agege suke sauke shanu, yawanci cikin dare, su wanke mota, su nemi lodin dawowa. Amma ya ce wannan karon ya roƙi maigidansa, in sun sauke da wuri, zai hau bas ya je ya gani kafin su juyo.